Katin da Mai Makulli Ya Kayar

Tun ranar da aka kafa farin allon nan a ɗakin taro na kamfanin dillancin fenti, Mai Makulli bai ƙara jin daɗin shayinsa na safe ba. Shi ne mai kula da sito. Tun kamfanin yana ɗan shago mai ƙofa ɗaya makullan suke rataye a ƙugunsa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. In ka ji kacau-kacau a baranda to shi ne tafe, kuma gara ka tabbata ba ka jingina da kayan mutane ba.

Wadda ta kafa allon wata yarinya ce da Maigida, mai kamfanin, ya ɗauko don ta gina musu manhajar aiki, wadda za ta haɗa oda da sito da motoci wuri guda a cikin waya. Injiniya ake ce mata. Ba ta da jiki, ba ta da hayaniya, ga gaisuwa har da rusunawa. Wannan ladabin shi ya fi tsaya wa Mai Makulli a rai, don a saninsa wanda aka aiko ya raba ka da abincinka ba ya shigowa da zagi.

A taron farko ta yi musu bayani cewa ba a gina manhaja gaba ɗaya, ɗaki-ɗaki ake bi kamar ginin gida. Za ta zagaya kowane sashe ta ji abin da ya fi damun mutanensa, ta rubuta kowace buƙata a kati ta manna a allo, sannan su da kansu su zaɓi wanda za a fara. Katin da ya hau sama shi za ta soma ginawa. Wanda ya faɗo ƙasa kuwa sai baɗi, in ma an kai gare shi.

Kowa ya gyaɗa kai yana murmushi, ban da Mai Makulli. Shi ya riga ya gama nasa lissafin: duk abin da ka ce yana ba ka wahala, shi za a koya wa na'ura, kuma ranar da na'ura ta iya, kai ka zama kwantai. Ai yana da aboki mai sito a wani kamfanin tayoyi, wanda ya zauna ya zazzage wa irin waɗannan yaran duk sirrin aikinsa, da suka gama aka sallame shi da agogon bango da tafi. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, shi kuwa ba zai tsaya neman ruwa sai nasa ya fara hayaƙi ba.

Amma gaskiyar magana, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Mai Makulli ba ya gani sosai. Ciwon suga ya taɓa masa ido, likita kuma ya ce tabarau ya yi iyakar abin da zai iya. Yana ganin mutum, yana ganin mota, yana rarrabe ja da kore, amma rubutu ya zame masa kamar tururuwa a cikin ruwa. Sana'ar fenti kuwa ba ta da tausayi ga irin wannan ido. Fari kaɗai kala-kala ne, akwai mai kama da madara, akwai wanda ya ɗan sha toka, akwai mai ratsin ɗorawa, duk a gwangwani iri ɗaya, ba abin da ya raba su sai 'yar lamba ƙanƙanuwa a gefen murfi.

Da ka yake aiki yanzu. Ya haddace mazaunin kowane fenti a kan kanta, shi ya sa in lebura ya ajiye gwangwani ba a wurinsa ba yakan tashi kamar zai cinye shi ɗanye. Mutane suna cewa tsufa ya ƙara masa masifa, ba su san tsoro ba ne. Yana da wani gilashin ƙara girman rubutu da yake ɓoyewa a aljihun ciki, sai ya laɓe bayan kantar ƙarshe yake fito da shi, shi ma ɗin ya fara gazawa. Duk duniya matarsa kaɗai ta sani. Kaya kuwa sun fara dawowa. Na baya-bayan nan shi ya fi muni, don sai da wani ɗan kwangila ya shafe rabin bene kafin ya lura farin da aka kawo masa ba irin na ɗaya rabin ba ne. Mai Makulli ya ɗora wa leburori, aka yi faɗa aka wuce, amma cikinsa ya ɗuri ruwa tun daga ranar.

Duk kayan da aka dawo da su ta teburin akanta suke bi, wata mata da ake kira Jar Biro saboda ba ta ganin kuskure ta bar shi bai sha jan zagaye ba. Ita da Mai Makulli sun yi shekara da shekaru ba sa ga maciji. Da, ko gwangwani ɗaya ya karkace sai ta sauko da takarda a hannu ta tsaya a ƙofar sito tana karanto masa laifinsa, shi kuma yana ce mata ta koma ta ƙirga allurai. To, 'yan watannin nan sai ta yi shiru. Ba takarda, ba gori. Maimakon haka kullum in ana lodi sai a gan ta tsaye kusa da mota, wai iska take sha, tana kallon gwangwanayen da ake jerawa, wani lokaci ta raɗa wa lebura magana ya sauke ɗaya ya canjo wani. Mai Makulli yana hango jan mayafinta daga cikin sito yana cewa a ransa ruwa ba ya tsami banza. Wadda ta saba cizo in ta daina haushi, tara maka take yi.

Da zagayen Injiniya ya zo kan sito, ta shigo da sallama ta zauna a kan bokitin fenti ba tare da ta nemi kujera ba. Ta tambaye shi yadda oda ke iso masa, yadda yake fitar da kaya, inda aka fi samun tangarɗa. Ya amsa mata a taƙaice, kamar mai ba ɗan sanda amsa. Ya ce sitonsa lafiya lau yake, ta je ta taimaki masu matsala.

"Baba," in ji ta, "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni baƙuwa ce, sai an nuna min."

"Ɗakina ba ya yoyo, 'yata."

Ba ta ja ba. Ta miƙo masa wata takarda da ta zana yadda fuskar manhajar za ta kasance, ta ce ya duba ko ta yi masa. Ya karɓa, ya ƙura mata ido yadda masu karatu ke yi, ya ce ba laifi, ta yi ƙoƙari. Sai ta sa hannu a hankali ta juya masa takardar, don ashe a kife ya riƙe ta. Ko murmushi ba ta yi ba, ta ci gaba da magana a kan motoci. Da ta fita ya hango ta ta nufi matakalar ofishin Jar Biro.

Ranar da aka taru don jin katunan, Injiniya ta tsaya gaban allo tana karantawa ɗaya-ɗaya. Babban Direba yana son manhaja ta riƙa tsara wace mota za ta bi wace hanya, don ya gaji da direbobi biyu suna haɗuwa a ƙofar kwastoma ɗaya. Shugaban masu talla yana son ya ga abin da ke sito daga wayarsa kafin ya yi wa mutane alkawari. Kowa ya zaci Jar Biro za ta kawo buƙatu cike da buhu, amma sai ta ce nata na iya jira. Daga nan Injiniya ta karanto wani katin da ta manna can sama. Na sito ne. Mai fitar da kaya zai haska murfin gwangwani da waya, wayar ta faɗi sunan fentin da lambarsa da murya, in kuma ba shi ke cikin odar ba ta yi ƙara.

Mai Makulli ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya tambaya wa ya nemi wannan, tunda shi bai nema ba. Injiniya ta ce ta duba yawan kayan da ake dawowa da su ne, kuma ta yi shawara da mutane. Bai buƙaci a faɗa masa waɗanne mutane ba, don ya ga Jar Biro ta sunkuyar da kai tana murza bironta. Biri ya yi kama da mutum. In waya za ta karanta lamba ta faɗa da baki, ai ko leburan da aka ɗauka jiya zai iya fitar da kaya. To me ya rage na Mai Makulli? Agogon bango.

Da yamma a gida, matarsa tana zaune tana ware masa ƙwayoyin magani a 'yan kofuna kamar yadda ta saba, ya kwashe labarin ya faɗa mata yana huci. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce ita dai a nata ƙaramin hankalin, abin da ya kwatanta ya yi kama da idon da yake roƙon Allah kullum. Waya ta karanta maka, kai ka ba da umarni, ina laifi? Ya ce ba ta san mutanen ofis ba, zuma suke shafa wa wuƙa. Ta ce shi dai a wurinsa kowa ɓarawo ne har sai ya rantse, in ya rantse kuma ya zama maƙaryaci. Ta sake roƙonsa, kamar yadda ta sha yi, ya je ya sami Maigida ya faɗa masa gaskiya, mutumin da suka ɗauki gwangwani tare a ka ba zai wulaƙanta shi ba. Ya ce ranar da ya buɗe baki ya faɗi haka, ranar zai ajiye makulli, kuma ta daina sa baki a abin da ba ta sani ba. Ta tura masa kofin maganinsa ta tashi ta bar masa ɗakin.

Washegari ya shiga kamfe, kuma a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Ya sami Babban Direba a inuwar wata mota ana canja taya, ya tsuguna kusa da shi kamar hira ta kawo shi. Ya ce shi tausayin direbobi yake ji, don in aka ce kowane gwangwani sai an tsaya an haska shi, motar da ke fita da hantsi sai azahar. Ya ƙara da cewa nasa ƙuri'un duk na katin motoci ne. Wurin shugaban masu talla kuma ya canja waƙa, ya ce wannan katin na sito dabara ce ta Jar Biro don ta riƙa sa wa kowa ido, yau sito, gobe masu talla. Shugaban masu talla, wanda shi ma jan biro ya sha zagaye shi, ya ce wallahi dama ya ji a jikinsa.

Zaɓen da dangwale aka yi shi. Injiniya ce ta kawo shawarar cikin raha, ta ce tunda gidan fenti ne ba sai an nemo tawada ba. Aka buɗe ƙananan gwangwanaye, kowane shugaban sashe da launinsa da dangwale uku, ya tsoma babban yatsa ya manna a katin da yake so. Direba kore, mai talla ɗorawa, Mai Makulli shuɗi, Jar Biro kuwa ba sai an faɗa ba. Maigida ya ce shi ba zai dangwala ba, abin da suka zaɓa shi za a yi. Ya ja kujera gefe ya harɗe hannu yana kallo.

Wannan tsari ya yi wa Mai Makulli daɗi, don ko ba ya karanta kati yana ganin launi. Yana kallo Jar Biro ta tashi, ta wuce duk katunan, ta dangwala ja sau uku a kan na sito. Ko kunya babu! Ya ce a ransa yau ta fito fili. Da layi ya zo kansa ya bi inda kore ya taru ya zuba shuɗinsa a can, sannan ya juyo, yatsa na ɗiga, ya ce yana da magana. Ya ce shi ne mai sito, kuma yana shaida wa kowa sito ba ya buƙatar waya ko murya ko ƙara. Kayan da aka dawo da su sakacin leburori ne, ya kuma yi maganinsu. Kada a ɓata lokacin yarinya a kan ciwon da babu.

Maigida ya dube shi ya tambaya.

"Ka tabbata ba ka buƙatar komai?"

"Ko allura, ranka ya daɗe."

Maigida ya gyaɗa kai, ya dubi Jar Biro, ya ɗauke ido. Katin motoci ya hau sama, na masu talla ya bi shi, na sito ya sauko can ƙasa kusa da bakin allo. Mai Makulli ya sauko matakala makullai na kaɗawa, ya sa aka kawo masa shayi, ya shanye shi tas har da lashe baki.

Bai ajiye kofin ba Jar Biro ta shigo. Ta ce wa leburori su ba su wuri, ta tura ƙofa, ta ɗauko gwangwani biyu na fari daga kanta ta dire su a teburinsa. Har yanzu da jan fenti a yatsanta.

"Karanta min lambobin nan."

Ya ce shi ba ɗan makarantarta ba ne, ta fita masa daga sito.

"Karanta ɗaya kawai, in fita, in kuma ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ya dubi murfin. Tururuwar nan ce dai a cikin ruwa. Hannunsa ya tafi aljihun ciki da kansa neman gilashin, ya tsaya a hanya.

Ta zauna a kan bokiti ta faɗa masa komai cikin haushi. Ta ce ta daɗe da ganewa, tun lokacin da kurakuransa suka zama iri ɗaya, kullum fari da fari, kullum lambobi masu kama da juna. Tsayuwar da take yi a bakin mota ba iska take sha ba, gyara take yi kafin kaya su fita, kuma ranar benen nan ba ta zo aiki ba ne. Bayan abin ya faru Maigida ya kira ta ya ce shi ma ya lura, kuma ya yanke shawarar a ƙarshen wata zai ce wa Mai Makulli ya je ya huta. Ita ta roƙe shi. Ita ta je ta sami Injiniya ta tambaya ko akwai abin da zai karanta wa mutum lamba. Maigida ya ce to, in an gina shi da farko kuma mai sito ya karɓa, makulli na nan a ƙugunsa, in kuwa ya ƙi, shi ba zai ci gaba da caca da sunan kamfani ba. Don katin ya samu wuri ta janye nata, ta yarda ta ƙara shekara tana haɗa rasit da hannu.

Mai Makulli ya ji, amma hali zanen dutse. Ya tambaye ta, in gaskiya ne, me ya hana ta zo ta faɗa masa tun farko, kuma ita me za ta samu.

"In zo in ce maka na san ba ka gani? Da ka ce dariya na zo yi maka. So na yi abin ya zo kamar buƙatar kamfani, ka karɓa da girmanka, ba wanda ya ji." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Abin da zan samu kuwa, ban sani ba. Wataƙila na saba da masifarka ne. Kai dai ka tashi gaban Maigida ka rantse ba ka buƙatar ko allura, ya kuma ji ka."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Ya daɗe a zaune da gwangwanayen nan biyu a gabansa. Ya nemi inda zai kama ta da ƙarya, ya juya maganar ta kowace fuska kamar yadda ya saba, bai samu ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, sai kuma tsoro ya biyo baya, don ƙarshen wata ba nisa. Da hannunsa ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya roƙe su su taya shi kayar da abin da zai cece shi, har da yi musu godiya.

Ya tashi ya hau matakala, wannan karon ya dafe makullan da hannu don kada su yi ƙara. Niyyarsa ya shiga ɗakin taro ba kowa, ya ciro katin mai jan dangwale uku, ya san abin da zai yi da shi daga baya. Amma da ya tura ƙofa sai ya tarar Injiniya ta riga ta cire katunan da suka sha fenti, ta manna sababbi da ta buga da na'ura, farare tas, duk girmansu ɗaya. Tana gefe tana naɗe wayar cajin kwamfutarta.

Ya je gaban allon. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa shi. A layin ƙasa katuna ne jere, kowanne da tururuwarsa. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"'Yata," ya ce, bai juyo ba, "nuna min nawa. Ba na gani."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta zo ta ɓamɓaro kati na biyu daga hagu ta sa masa a tafin hannu. Ta ce a hankali, ita ba ta da ikon mayar da shi sama, tunda a gaban kowa aka sauke shi. Wanda zai iya yana ofishin ƙarshen baranda, kuma ta ji yana cewa direbansa ya juyo da mota.

Mai Makulli ya riƙe katin da hannu biyu. Ya tambaye ta ko daidai ya riƙe shi, ta ce a'a, ta juya masa. Ya saki makullan suka ci gaba da kacau-kacau ɗinsu, ya bi baranda da sauri, yana addu'ar Allah ya sa Maigida bai riga ya sauka ba.